Abin da Ya Sa Na Hana Ki Goyon Ciki a Ɗakina

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Ayashe,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa kin isa Keita lafiya, motar kasuwa ba ta wahalar da ke a kan duwatsun hanyar nan tamu ba. Allah ya tsare ki, ya tsare abin da ke cikinki, ya raba ku lafiya. Ki gaida ƙanwata, innarki Saude, da maigidanta da yara. Babanki yana gaishe ki, ƙannenki ma haka.

Na ba direba wannan takarda tare da ƙullin kuka da daddawa. Ki yi haƙuri da rubutun, na karatun manya ne, kamar sawun kaji. Da baki ba zan iya ba. Ke ce babba a ɗakina, kin san ban saba zaunar da ke in yi miki dogon zance ba, ko sunanki na yanka ban taɓa kamawa ba. Takarda kuwa ba ta da ido, don haka yau zan faɗi abin da ke raina.

Na ga fuskarki ranar da kika hau mota. Kin ja mayafi kin rufe rabinta, ba ki waiwayo ba. Na san abin da ya ɓata miki rai. Kowace yarinya mai cikin fari ana kawo ta ɗakin uwarta goyon ciki, ta miƙe ƙafa, a dama mata, a dafa mata, ta haihu a hannun wadda ta haife ta. Ke kuma dangin mijinki sun kawo ki tun daga Bangi da kayanki da goronsu, ko wata ba ki rufa ba na ɗaure miki kaya na tura ki gidan wata. Mata sun riga sun samu abin taunawa. Jiya a bakin rijiya wata ta ce mini, "Wai ke Hajo, ɗiya guda ta gagare ki riƙo? Mu da munka haihu goma ga ɗakin uwayenmu, mi ya same mu?" Na ce mata, "Allah shi ƙara lahiya," na ɗauki tuluna na wuce. Ba ita nake bukatar ta gane ba, ke ce.

Ki tuna ranar da na raka ki awon ciki likitar Garhanga, asibitin nan namu. Sajfam, wato ungozomar likita, ta ɗaura miki abin awon hawan jini, tansiyo da suke cewa, a dantse, ta duba, ta bar ki kika huta, ta sake dubawa. Ta karɓi fitsarinki ta auna. Sai ta ce, "Tansiyonta ya hau, kuma hitsarinta ya nuna. Cikin danginku akwai wadda ta taɓa yin jijjiga tana da ciki?" Kika ce babu. Na ce, "Akwai. Ni ta." Kika juyo kina kallona kamar ba ki taɓa ganina ba.

Kin san akwai wani a gabanki. Kin sha jin kakarki Inna, Allah ya jiƙanta, tana cewa "wanda bai zauna ba", kuma saboda shi ta laƙaba miki Ayashe, wai don mutuwa ta ɗauka ba mu damu da ke ba ta wuce. Yadda aka yi ne ba ki sani ba. Ba wai an ɓoye miki ba ne, mu dai haka muke, abin da ya wuce sai mu ja bakinmu. To yanzu hanyar da na bi ce a gabanki, dole in nuna miki inda ramuka suke.

Ban kai shekarunki ba aka kawo ni goyon ciki ɗakin Inna, nan garinmu, cikin damina kamar yanzu. Ni da nake siririya kamar muciya, sai ga ni na cika. Ƙafafu suka kumbura har takalmin roba ya ƙi shiga, kumatu suka taso, idanu suka shige ciki. Munduwar azurfa da babanki ya sa mini cikin kayan aure ta kama hannuna har ta yi shata, sai da aka shafa man shanu aka yi ta murzawa kafin ta fita. Mata suna shigowa suna yabawa. Inna tana cewa, "Ku dubi ɗiyag ga, ciki ya karɓe ta. Wanga ɗa namiji na, ko ko tagwaye." Ni kuwa daɗi ya cika ni. Har madubin Saude nake ɗauka in yi ta kallon kumatuna, ina jin yau na zama mace. Ashe ruwa nake tarawa, ba ƙiba ba.

Don haka ki ji da kyau. Ƙafa takan kumbura wa mai ciki da yamma, ta kwanta ta huta ta saɓe, wannan mata da yawa suna yi. Amma idan kika tashi da safe kika ga fuskarki ta cika, ko zobenki ya kama yatsa, ko kin kasa dunƙule hannu, a ranar za ki tafi likita, ba gobe ba. Duk wadda ta ce kin yi kyau ki ce kin gode, ki ɗauki mayafinki ki wuce.

Bayan kumburin sai ciwon kai. Ba irin na rana ko na yunwa ba, wani ne mai nauyi da ke zama a goshi da ƙeya, ya ƙi tafiya ko na yi barci. Wani lokaci in ga wasu ƙyalƙyali suna yawo a gabana kamar ƙwari, wani lokaci in dubi bakin ƙofa in ga ya yi dishi-dishi. Me na yi? Na ƙara tamke ɗankwali. Inna ta kan dube ni ta ce, "Mi ka damunki?" In ce, "Ba komi." Ta ce, "Lahiya dai?" In ce, "Lahiya lau." Cikin fari ne, ina jin nauyin a ce na faɗi wani abu game da shi, kada a ce yarinyar nan ba ta da kunya, ko ta cika raki. Kin san mu, ko ana ɗauke da mutum a kan amalanke za a kai shi likita, in ka ce masa ina gajiya, sai ya ce ba gajiya.

Kuma kin gado ni, kada ki musa. Na ji ki da kunnena ranar awo, sajfam tana tambayarki ko kanki yana ciwo, kika sunkuyar da kai kika ce, "Kaɗan-kaɗan." Ni da na ga kina matse goshi tun a hanya. Ayashe, kunya ado ce, ni na koya miki ita, kuma ban yi nadama ba. Ki yi ta ga surukanki, ki yi ta ga babanki, ki yi ta gare ni in kina so. Amma a gaban mai awo ki cire ta ki ajiye a bakin ƙofa tare da takalminki, in kin fito ki ɗauka. Idan kai yana ciwo ki ce yana ciwo ƙwarai. Idan ido ya yi dishi ki faɗa. Mai ɓoye ciwonsa ba ya samun magani, kuma "lafiya lau" gaisuwa ce, ba amsar likita ba ce.

Ciwo na uku shi ne wanda har yau bai bar raina ba. Wani ciwo ya kama ni a saman ciki, ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da tashin zuciya. Na ce ƙwannafi ne, tuwon dawa ne bai karɓe ni ba. Wannan karon na faɗa wa Inna, don ƙwannafi ba abin kunya ba ne. Ta jiƙa mini kanwa na sha, kamar yadda kowace uwa a garin nan za ta yi. A kwanakin ne kuma yaron ya rage motsi. Shi da yake harbina har in kasa zama a kan tabarma, sai ya koma motsi ɗaya-ɗaya. Na ji daɗi ma, na ce ya fara hankali, ya bar ni in huta.

Ke kin fi kowa sanin motsin ɗanki. Kin san lokacin da yake wasansa, bayan kin sha fura ko kin kishingiɗa. Idan ya rage, ko ya yi shiru ba kamar yadda ya saba ba, kada ki ce barci yake, ki tafi a saurari zuciyarsa. Idan kika je aka ce lafiyarsa lau, kin yi asarar tafiya kawai, kuma daga gidan Saude zuwa likita ko tsohuwa mai sanda ba za ta kira shi tafiya ba. Ciwon saman ciki ma haka, ko ganin jini, ko numfashi ya yi miki wuya. Kada ki sha jiƙon kowa a kansu, ko da nawa ne.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, an kwana ana ruwa. Ina zaune ina tsince wake, abin da na sani ke nan. Sauran kuwa, Saude ce ta ba ni labari, ki tambaye ta in kina so, tana nan kusa da ke. Ta ce na faɗi ina jijjiga, ina taune harshe, kumfa na fita. Mata suka taru, wata ta ce iska ce, aka kawo garwashi aka zuba turare, aka tofa abin da aka tofa. Da abin ya lafa ya sake dawowa, sai kakanki ya ce a ɗaura wa jaki amalanke. Suka ɗauke ni har bakin ƙoramar nan da kika sani, wadda kuke wasan rairayi a cikinta da rani. Suka tarar ta cika ta batse, tana jan itace da karan gona. Babu mai shiga. Suka zauna a bakin ruwa da ni, Inna ta riƙe kaina a cinyarta, suna kallon hanyar Keita a tsallake, har rana ta karkata ruwan ya ja baya.

A likitar Keita na farfaɗo. Sun ceci raina, Allah ya saka musu. Yaron kuwa ya riga ya tafi tun kafin mu isa. Namiji ne, Inna ba ta yi kuskure a nan ba. Ban gan shi ba. Ba a raɗa masa suna ba, tunda bai yi numfashi a duniya ba, shi ya sa har yau ba ni da abin da zan kira shi da shi sai abin da Inna ta kira shi.

Babanki ya riga ya sayi ragon suna tun cikin yana ƙarami, don zumuɗin ɗan fari. Da na koma ɗakina na tarar da ragon a ɗaure. Ba wanda ya iya cewa a sayar, ba wanda ya iya cewa a yanka. Ni na ci gaba da ba shi dusa da harawa har layya ta zo aka yanka shi. Aka kawo mini nama na kasa kai shi baki.

Ba na ɗora wa Inna laifi, ke ma kada ki ɗora mata. Abin da ta sani ta yi, da dukan zuciyarta. Kuma na yarda da ƙaddara, wanda Allah ya rubuta ba zai zauna ba, ba zai zauna ba. Amma Allah da ya yi ƙorama shi ya ba mu hankalin da za mu tsallake ta tun tana busasshiya. Ni na tsallakar da ke. Abin da na yi ke nan, kuma ko gobe aka maimaita haka zan sake yi, mata su faɗi abin da za su faɗa.

Yanzu ki share hawaye ki ji ɗaya rabin, don ba tsoro na aiko miki ba. Da na samu cikinki, jinin ya sake hawa. Wannan karon an gane da wuri, don ina zuwa awo, kuma an ajiye ni kusa da likita. Suka ba ni ƙwayoyi. Nan ma sai da na yi wauta. Da na ji kai ya sake, jiki ya yi sauƙi, sai na ce ai na warke, na tura ƙwayoyin ƙarƙashin katifa. Da na koma awo majo, babban ma'aikacin wurin, ya duba ya dube ni ya ce, "Kina shan magani?" Na ce, "Ina sha." Ya ce, "To ko ke ka ƙarya, ko abin awon ga, kuma shi ban taɓa kama shi da ƙarya ba." Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Hawan jinin mai ciki ba ya sallama, yana iya hawa kina jin kanki garau. Ki sha maganinki a kan lokacinsa, ranar da kika ji daɗi da ranar da ba ki ji ba, kuma duk ranar da suka ce ki dawo awo ki dawo. Rubutun da babanki ya karɓo miki ki sha da bisimilla, tare da ƙwayar za su tafi, ba ɗaya a madadin ɗaya ba.

Watan haihuwarki bai cika ba suka ce za su sa mini naƙuda, don zamanki a ciki ya fi fitowarki haɗari. Na ji tsoro, na ce ɗanye za a tsinko. Kika fito 'yar mitsitsiya, kanki bai fi lemun zaƙi girma da yawa ba, kukanki kamar na mage. Suka ce in ɗaure ki a ƙirjina, fata da fata, in lulluɓe mu da zane. Haka na yi ta yawo da ke kamar mai ɓoyon abin sata. Ga ki nan yau, kin fi ni tsawo, kin fi ni baki, har kin iya yi mini fushi a tashar mota.

Saboda haka idan likita ya ce lokaci ya yi, ko da wata bai cika ba, ki yarda. Sajfam ta gaya mana wannan ciwo ba ya rabuwa da mace sai an raba ta da cikin, maganin da ake ba ki yana riƙe shi ne har yaron ya yi ƙwari. Idan suka ce allurar hana jijjiga, ki miƙa jiki, an ce tana da zafi kuma tana sa jiki ya ɗau ɗumi, ba wani abu ba ne. Idan suka ce aiki za a yi a ciro shi, kada ki tsaya cewa sai an tambayi wane. An riga an tambaya. Babanki ya kira mijinki a waya ina zaune, na ja mayafi ina saurare, na ji mijin naki ya ce, "Baba, dut abin da likita ya gani a yi shi, kar a jira ni." Yaron kirki ne, Allah ya yi masa albarka. An faɗa wa mijin Saude, shi zai tsaya a madadinsu. Kada kuma ki saurari masu cewa wadda aka yi wa aiki ba ta haihu ba. Wadda ta fito da ɗanta a hannu ta haihu.

Na kuma yi wa Saude bayani, in Allah ya kiyaye wani abu ya taso, ta kwantar da ke a gefenki, kada a cusa miki cokali a baki, kada a tsaya neman garwashi, a nemi abin hawa nan take. Ta ce, "Yaya, ni da nig gani da idona, ni za ki koya ma?" Gaskiyarta. Ki ji maganarta kamar tawa, ko da yake ta fi ni faɗa kuma miyarta ba ta kai tawa ba.

Saura magana ɗaya, kuma wannan ni ta fi shafa. Kin san an san ni da kunun kanwa a unguwar nan, ba mai jegon da ban dama wa ba. Na yi shekaru ina jiran ranar da zan dama wa tawa, in dafa mata ruwan wanka, in tsaya a kanta har arba'in. To na tambayi sajfam, ta ce jinin kan iya hawa ko bayan an haihu, wata ma a kwanakin jegon take jijjiga, kuma kanwa ba ta yi wa mai hawan jini kyau. Na ji kamar an ƙwace mini sana'a, amma na karɓa. Kunu za ki sha har ki gaji, na gero da tsamiya, babu kanwa. Ruwan wanka mai ɗumi, ba mai salɓe fata ba. Kuma ba za ki baro Keita ba sai sun auna sun ce jinin ya sauka ya zauna. In wata tsohuwa ta kawo miki kofin kanwa ta ce al'ada ce, ki ce uwarki ta hana, ta zo ta same ni.

Ina nan tafe. Da zarar an gama maimai a gonar gero, in ƙorama ta ba da hanya, za ki gan ni da tukunyata da ludayina. Goyon ciki ba ɗaki ba ne, uwa ce, kuma uwar tana da ƙafa.

Kin tambaye ni ragon nan fari mai baƙin wuya da ke ɗaure gindin aduwa, don me layya ta wuce shi. Na ce miki ki bar tambaya. Babanki ya so yanka shi, na hana. Na san ragon suna na mijinki ne, ba a ɗora mini ba, zai kawo nasa. Wannan nawa ne. Tun ranar da aka aiko cewa kina da ciki na saye shi, ni nake ba shi dusa da hannuna. Kowace layya kina yi mini tsiya wai ba na cin naman rago, kina cewa haƙora ne suka tsufa. Haƙorana lafiyarsu lau, kuma wannan karon ba gaisuwa nake yi ba. Yanzu kin san dalili.

Wannan rago ba zai ga wata layya ba. A tsakar gidan Saude za a yanka shi, da safe, bayan liman ya faɗi suna kowa ya ji. Ki sha maganinki, ki faɗi ciwonki, ki kai mini yaron nan ranar bakwai. Ni kuma zan zauna a gabanki in ci nama.

Allah ya sauke ki lafiya, ya ba ki mai albarka, ya sa a ji kukansa a ji muryarki. Allah ya tsare ki da tsarewarsa dare da rana, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Ni ce uwarki,
Hajo